Kiɗa da waƙa a bainar jama'a a ƙasar Arewa

Kiɗa da waƙa a gaban taro, abin da jama'a ke kira wasa a taƙaice, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Dosso. Ana yin wasa a ƙofar fada, a gona, a dandali, a filin kokowa, a gidan biki da kuma wurin bori. Daga shekarun 1970 aka ƙara da dandamali da lasifika, sai kuma kaset, wayar salula da masu saka kiɗa da na'ura a ƴan shekarun nan. Kowane irin wasa yana da makaɗansa, kayan kiɗansa, lokacinsa da mutanen da ke zuwa kallonsa. Wasu daga ciki suna nan da ƙarfinsu, wasu kuwa sun ja baya ƙwarai, har akwai matasan da suka girma a cikin gari ba su taɓa ganin su da ido ba.

Ƙasar da mutanenta

Garin Dogon Dutsi, wanda aka fi kira Dutsi, yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kusan kilomita 300 gabas da Yamai, kuma kimanin kilomita 40 daga iyakar Najeriya. Ƙasar tana shimfiɗe ne a kwarin Dallol Mawri. Mutanenta Arawa ne, waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, tare da Fulani, Buzaye da sauran maƙwabta. Gundumar Dogon Dutsi ta ƙunshi ƙananan hukumomin Dutsi, Matankari, Ɗan Kasari, Kieshe, Dogon Kirya da Sukukutan. Gundumar Tibiri, wadda aka cire daga ta Dutsi a 2011, tana da Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa. Wannan Tibirin daban yake da Tibirin Gobir na jahar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta nuna mutane sama da dubu 370 a gundumar Dutsi, da kimanin dubu 270 a ta Tibiri.

Tarihin ƙasar ya tsaya a kan ƙafa biyu, kuma kiɗanta ma haka. Akwai ƴan ƙasa, Azna, masu kula da ƙasa da iskokinta, waɗanda manyan cibiyoyinsu su ne Lugu, garin Sarauniya, da Bagaji, garin Baura. Akwai kuma gidajen sarauta, waɗanda labarin baka ke danganta asalinsu da Ari, ɗan sarkin Barno, wanda ake cewa daga sunansa aka samu kalmar Arewa. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Kiɗan fada na gidajen sarauta ne, kiɗan tsafi da na bori kuwa ya fi jiɓintar ɓangaren ƴan ƙasa, ko da yake an daɗe da cuɗanya.

Yadda ake zaman wasa

Galibin wasannin gargajiya suna da tsari guda. Ana share fili, a shimfiɗa tabarmi a gefe ɗaya domin makaɗa, jama'a su kewaye su bar tsakiya domin masu rawa. Shugaban makaɗa shi ke jan baitin waƙa, ƴan amshi su karɓa. Akwai sanƙira ko maroƙin baki, wanda aikinsa shi ne ɗaga murya ya faɗi sunan wanda ya shigo fili, da asalinsa, da abin da ya bayar. Mata kuma suna rangaɗa guɗa a duk lokacin da abu ya yi daɗi.

Ba a biyan kuɗin shiga irin wannan wasa. Wanda ya kira makaɗa shi ke ɗaukar nauyin masaukinsu da abincinsu, sauran samunsu kuwa daga kari yake fitowa, wato kyautar da ake ba su a fili. A da kari ya kan zama riga, zane, damin hatsi, akuya, har doki idan mai bayarwa basarake ne. Yanzu kuɗi ne suka fi yawa, ana liƙa takardar jika a goshin mawaƙi ko na mai rawa, sanƙira ya sanar wa kowa.

Abubuwa biyu ne ginshiƙin wasan: take da kirari. Take shi ne amon kiɗa na musamman da aka ware wa wani mutum, wata sana'a ko wani iska, wanda da an buga shi masu sani za su gane wa ake kira ko da ba a furta suna ba. Kirari kuwa kalmomin zuga ne da ke tafiya tare da taken. Wannan ne ya sa ƙwararren makaɗi dole ya san mutanen garin da ya sauka, ya san zuriyarsu da abin da kakanninsu suka yi suna a kai. Waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu, domin mawaƙi yana ƙara sunaye da habaici gwargwadon waɗanda ke zaune gabansa. Shi ya sa masu son wasa ke cewa gani ya kori ji.

Kiɗan fada

Sarautun gargajiya uku ne manya a yankin: ta Sarkin Arewa, wadda tsohuwar cibiyarta ita ce Matankari, ta Tibiri, inda basarake ke ɗauke da laƙabin Samna, da ta Takasaba a Gesheme. Kamar sauran fadojin ƙasar Hausa, kiɗan sarauta gado ne, gidaje sanannu ke riƙe da shi, ɗa ya koya daga uba.

Kayan kiɗan sarauta a ƙasar Hausa sun haɗa da tambari, babbar ganga mai baki ɗaya da ba a bugawa sai don sarki, da kakaki, dogon abin busa na ƙarfe, da algaita, da gangunan fada. Mai algaita yana cika kumatunsa da iska yana shaƙar numfashi ta hanci, saboda haka busarsa ba ta yankewa. Lokutan da aka fi jin waɗannan kaya su ne naɗin sarauta, ranakun ƙaramar salla da babba idan basarake zai tafi idi ya dawo, da ranar tarbar manyan baƙi. Waƙoƙin fada suna jera sunayen sarakunan da suka gabata da yaƙe-yaƙen da suka yi. A Tibiri, alal misali, sunan Samna Karhe, jarumin ƙarni na 19, yana cikin waɗanda ba a rabuwa da ambatonsu idan ana zancen gidan. Ta wannan hanya makaɗan fada suka zama ma'ajiyar tarihi tun kafin a fara rubuta shi, kuma masu bincike irin su Bafaranshe Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa littafi kan tarihin Mawri a 1970, sun dogara sosai da labaran baka na dattawan yankin.

Wasan bori

Idan aka ambaci kiɗan Arewa a wajen ƙasar, bori ne ya fi zuwa a ran masu bincike, domin Dogon Dutsi tana cikin wuraren da aka fi nazarinsa a ƙasar Hausa. Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, ta fara bincike a garin a ƙarshen shekarun 1980, ta wallafa littafi a kan borin Dutsi a 2001.

Jagoran kiɗan bori shi ne mai goge. Ana yin goge da rabin ƙwarya da aka rufe da fatar guza, a ɗaura masa tsirkiya ɗaya ta izgar doki, a riƙa goga ta da ɗan baka wanda shi ma izga ce, ana shafa masa ƙaro don ya kama. A gefen mai goge ƴan ƙwarya ke zama, suna bugun manyan ƙoren da aka kife da ƴan sanduna. A wasu wurare garaya ce ke maye gurbin goge. Ana fara wasa da la'asar ko bayan faɗuwar rana, ya kan kai tsakar dare, wani ya ɗauki kwanaki.

A wurin ƴan bori kiɗan kira ne. Kowane iska yana da takensa da kirarinsa, kuma mai goge yana bi da su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara sauri, har iskan ya hau dokinsa ko goɗiyarsa, wato namiji ko macen da yake hawa. Da zarar ya hau, sai mataimaka su sa wa mutumin tufafin wannan iska, jama'a su matso da gaisuwa da tambayoyinsu na rashin lafiya, haihuwa ko damina. Saboda haka mai gogen da ya san take da yawa shi ake nema, domin idan bai iya taken ba, a ganin masu abin, iskan ba zai sauko ba.

Iskokin gida-gida ne. Akwai Doguwa da ire-irenta, waɗanda ake dangantawa da daji da tsofaffin garuruwa. Akwai Mariya, mai son turare, alewa da kayan ado. Akwai kuma Babule, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, iskokin da ke kwaikwayon sojoji da jami'an mulkin mallaka, suna fareti suna wasa da wuta. Waɗannan sun ɓullo ne wajen 1925 a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, maƙwabciyar Arewa, hukumomin Faransa suka kama mabiyansu, daga baya ƴan ci-rani suka kai su har Gana, inda Jean Rouch ya ɗauki fim a kansu a tsakiyar shekarun 1950.

Ana kiran wasan bori don dalilai da dama: girka sabon ɗan bori, abin da a Arewa ake cewa gyara, godiya bayan samun sauƙi, ko roƙon ruwa idan damina ta yi jinkiri. Ba duk masu zuwa ne ƴan bori ba. Da yawa kiɗan da rawar ke kawo su, abin da ya sa gogen ya fita daga wannan fage ya shiga wasannin nishaɗi, ya kuma jawo masa baƙin jini wajen malamai tun da daɗewa.

Gona, sana'a da dandali

Kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Manoma suna da gangar noma, wadda ake bugawa a wurin gayya, lokacin da samarin gari suka taru a gonar mutum ɗaya. Makaɗi yana bin manoma a baya yana kiran taken kowa, wanda aka zuga ya ƙara himma don kada a bar shi a kunya ta ƙarshe. Kalangu, ganga mai siririn ƙugu da ake matsewa a hammata don sauya amo, asalinsa na mahauta ne, amma ya zama abin kiɗan biki da na ƴan mata. Maharba suna da garaya, Fulani makiyaya suna da sarewa, kuma suna da kiɗansu na wasan sharo.

Kiɗan mata na cikin gida ne da dandali. Akwai lugude, inda mata biyu ko uku ke daka a turmi ɗaya suna jefa taɓarya sama suna tafi. Akwai shantu, da kiɗan ƙwarya na ranar suna da buki, inda ake kife ƙwarya a cikin ruwa don ta ba da amo mai zurfi. Akwai zabiya, mawaƙiyar da ke yabo a gidan biki. Ƴan mata kuma suna da gaɗa, waƙa da tafi a farin wata, inda ɗaya ke faɗowa da baya sauran su tare ta su ɗaga.

Duk waɗannan suna bin kalandar noma. Da damina hankali yana gona. Da an kai amfani gida, daga watan Oktoba zuwa sama, sai bukukuwan aure su yawaita, makaɗa su shiga yawo gari-gari, suna bin ranakun kasuwa, ciki har da kasuwar Juma'a ta Dutsi. Kaka da lokacin sanyi su ne kakar makaɗa.

Filin kokowa

Babu wurin da ke tara jama'a su ji kiɗa kai tsaye a Nijar ta yau kamar filin kokowa. Asalinta wasan kaka ne tsakanin ƙauyuka. A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta mayar da ita gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Yanzu jahohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, gasar tana zagayawa daga babban birnin wata jaha zuwa wata, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Kafin a kai can ana yin zaɓe daga ƙananan hukumomi zuwa gunduma zuwa jaha, don haka mutanen Dutsi da Tibiri suna ganin nasu rabon wasan a gida.

Jahar Dosso tana da tarihi a wannan fage. Filin kokowar birnin Dosso yana ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, ɗaya daga cikin zakarun farko. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗaukar wa jahar takobi sau shida, na shidan a Agadas a watan Disamban 2023.

Kokowa ba ta yiwuwa babu kiɗa. Tun kafin a fara karawa makaɗa ke ɗumama fili da ganguna da kalangai. Idan aka buga taken ɗan kokowa sai ya miƙe, ya shiga fili da layunsa, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya faɗi garinsu da waɗanda ya kayar. Mawaƙi yana tuna masa da ubangidansa da mutanen da suka biyo shi, yana yi wa abokin karawarsa zambo. Da an yi kaye sai kiɗa ya sauya nan take, fili ya ruɗe da guɗa da kari. Tsakanin karawa da karawa kuma ƴan cali-cali ke fitowa, suna kwaikwayon manyan ƴan kokowa suna ba mutane dariya. A cikin mawaƙan wannan fage babu wanda sunansa ya kai na Sagalo, wanda muryarsa ta zama alamar kokowa ga masu sauraron Muryar Sahel da masu kallon Tele Sahel. Da yake gidajen biyu suna watsa gasar kai tsaye, waƙoƙin kokowa sun shiga kunnen ƴan ƙasa har da waɗanda ba su jin Hausa.

Samariya da zuwan dandamali

Wasa irin na dandamali, inda masu yi ke sama ƴan kallo na zaune a ƙasa, ya yaɗu ne ta hannun gwamnati. Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kafa bikin matasa na ƙasa da ake kira festibal, wanda shi ma yake zagaya manyan birane. Ana gasa a waƙa, rawar bale, wasan kwaikwayo da kiɗan gargajiya. Kowace arondisma, ciki har da ta Dutsi, tana tace gwanayenta ta aika Dosso, daga nan a zaɓi waɗanda za su wakilci yankin a matakin ƙasa.

Wannan tsari ya sauya abubuwa da yawa. Rawar da a da ake yi dare guda sai aka taƙaita ta zuwa ƴan mintoci, aka ɗinka wa masu yi kaya iri ɗaya, aka sa alƙalai masu ba da maki. An ɗauko rawar noma, ta farauta, har da motsin ƴan bori, aka mayar da su abin nuni. Waƙoƙin kuwa suka koma kan haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, yaƙi da jahilci da aikin gayya. Gidajen matasa da al'adu, MJC, suka zama wurin atisaye da wasa a manyan garuruwa. Ga waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980, dararen zaɓen festibal suna cikin wasannin da suka fi tunawa, domin a nan ne ɗan ƙauye ko ƴar ƙauye ke iya fitowa har a ji muryarsu a rediyon ƙasa.

A tsakiyar shekarun 1980 aka kafa gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, da sunan shahararren makaɗin nan na ƙasar Tawa, inda ƙungiyoyin jahohi masu jita da ganguna na zamani ke karawa, da yawansu suna ɗora sabon kiɗa a kan amon gargajiya. A 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, wadda ta tattara kayan kiɗan gargajiya na sassan ƙasar. Marigayi Malam Maman Barka, gwanin gurmi da ya rasu a 2018, yana cikin waɗanda suka yi aiki a can. A watan Disamban 2014 birnin Dosso ya karɓi bikin ranar Jamhuriya, wanda aka yi wa laƙabi da Dosso Soga, tare da gasannin al'adu da suka tara ƙungiyoyi daga duk jahohi.

Ƙetaren iyaka

Iyakar da Turawa suka ja ta raba Arawa biyu. A jahar Kebbi ta Najeriya akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi mai hedikwata a Kangiwa, kuma aure, kasuwa da biki ba su taɓa yankewa tsakanin ɓangarorin ba. Makaɗa suna bin wannan hanya, na nan su je can, na can su zo nan. Bikin kamun kifi na Argungu, da kokowa, dambe da kiɗe-kiɗen da ke tare da shi, ya daɗe yana jan mutane daga Nijar.

Ta rediyon Kaduna da na Sakkwato, sannan ta kaset, manyan mawaƙan Najeriya suka zama na gida a Arewa: Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo a waƙar sarauta, Ɗan Anace a waƙar dambe, Mamman Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Garba Supa a kukuma, Barmani Coge a kiɗan amada na mata. Kunnen masu sauraro ya saba da su har suka zama ma'aunin da ake gwada makaɗan gida da shi. Wannan ya buɗe wa makaɗan ƙauye ido, ya kuma sa musu gasa da mutanen da ba su taɓa haɗuwa da su a fili ba.

Zamanin rap, fina-finai da na'ura

A ƙarshen shekarun 1990 kiɗan rap ya kama matasan Yamai, da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskiya da Wass Wong, suna waƙa da Hausa, Zabarmanci da Faransanci kan rashin aikin yi, cin hanci da cutar sida. Daga can ya bazu zuwa garuruwa irin su Dutsi ta hanyar fada, wato majalisar samari masu shan shayi, da bukukuwan ƙarshen shekara na makarantu. A daidai wannan lokaci waƙoƙin fina-finan Hausa na Kano suka mamaye gidaje, kuma mawaƙansu sukan zo wasa a manyan biranen Nijar. A irin wannan wasa ana sayar da tikiti, kuma sau da yawa mawaƙi yana bin sautin da aka riga aka naɗa ne, babu makaɗa a bayansa.

A gidan biki ma abin ya sauya. Mai na'ura ɗaya da lasifika biyu da janareto yana iya cika unguwa da sauti, kuma ɗaukarsa ya fi sauƙi a kan saukar da makaɗa biyar ko shida da ciyar da su. Amarya da ƙawayenta suna zaɓar waƙoƙin da suke so daga waya. Abin da na'ura ba ta iyawa shi ne sanin wanda ya shigo fili ta kira sunan kakansa, don haka har yanzu gidaje da yawa suna haɗa biyun: na'ura ga matasa, kalangu ko zabiya ga iyaye.

Halin da ake ciki

Abubuwa uku ne suka fi matsa wa wasannin gargajiya. Na farko wa'azi. Malamai sun daɗe suna sukar bori da goge, amma sukar ta ƙara ƙarfi bayan ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu gindin zama a Nijar, musamman bayan taron ƙasa na 1991 da ya ba ƙungiyoyi damar fitowa fili. A Dutsi muhawara ta yi zafi a shekarun 1990 kan bidi'a, kashe kuɗin biki da fitar mata. Wasan bori ya ja baya daga tsakiyar gari zuwa gefe da ƙauyuka, wasu makaɗa suka ajiye kayansu, wasu suka koma waƙar bege da yabon Annabi.

Na biyu tattalin arziki. Makaɗi yana ci ne daga rarar manomi, idan damina ba ta yi kyau ba biki ya ragu, kari ya ragu. Samari da yawa suna tafiya ci-rani da zarar an gama girbi, daidai lokacin da a da ake cika dandali. Ƴaƴan makaɗa kuma suna shiga makaranta ko wata sana'a, ga shi har yanzu wasu na kallon roƙo a matsayin sana'ar ƙasƙanci.

Na uku tsaro da zirga-zirga. Hare-haren ƴan bindiga a wasu sassan arewacin yankin da kan iyaka sun sa mutane taka-tsantsan da taron dare da tafiya tsakanin ƙauyuka. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, sun taɓa makaɗa kamar yadda suka taɓa ƴan kasuwa.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce nishaɗi. Take da kirari ba a rubuce suke ba, a kan makaɗi suke. Idan tsohon mai goge ko makaɗin fada ya rasu bai bar magaji ba, yana tafiya da jerin sunayen sarakuna, da taken iskoki, da tarihin gidaje masu yawa. Wani ɓangare yana ajiye a taskar gidan rediyon ƙasa da hannun masu bincike, kuma matasa yanzu suna ɗaukar wasanni da waya suna yaɗawa a WhatsApp da Facebook, abin da ke sa ƴan Arewa mazauna Yamai, Legas ko Kwatano su ga bikin garinsu a ranar da aka yi shi.

Ga mai son jin kiɗan Arewa da kunnensa, lokutan da suka fi dacewa su ne safiyar salla a ƙofar fada, makonnin zaɓen ƴan kokowa kafin gasar takobi, da bukukuwan aure na bayan girbi a ƙauyuka. Al'ada ita ce baƙo ya gaida masu wasa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, musamman a wurin bori, ya kuma tanadi ɗan abin kari, domin da shi makaɗi ke komawa gida.